Bindigar Madugu da Cizon Yelwa

Thamesmead, Landan
Nuwamba, 1975

Zuwa ga Yayana Alhaji Uwaisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara da motocin duka. Yaya matarmu ta Madigawa, kakarmu Iya Yelwa, da ƙafar tata? Mu nan lafiya lau, in ban da sanyi da ya fara shiga ƙashi, da bangon flat ɗinmu da yake gumi kamar ɗan dako. Zinatu ta yi mura ta warke, tana gaishe ka.

Bayan haka, takardarka ta iso, kuma wallahi na jinjina maka. A tsaye na karanta ta, na zauna na sake karantawa. Mutane da yawa arzikin man fetur ya samu a Kano, amma kaɗan ne suka yi zurfin tunanin da ka yi. Wani rijiya zai ce zai haƙa, wani ɗakin shan magani, duk irin tunanin talaka. Kai kuwa ka dubi gidanka na Nasarawa, ka ga firji, ka ga Marsandi, ka ga kafet har banɗaki, ka tambayi kanka me ya rage, Allah ya haska maka: bindiga. Ƙarama, baƙa, ta zamani, wadda za ta zauna a aljihun babbar riga ta ɗan leƙo don jama'a su san tana nan. Madalla da wannan basira. Ka ce don 'yan fashi ne. Ni ban ce komai ba. Na dai tuna ranar da tayar mota ta fashe a bakin kasuwar Kwari, muka yi ta nemanka, sai a bayan dilar atamfa aka same ka kana salati.

Duk da haka na bi umarni. Ka san sana'ata a garin nan: in tsaya kusa da ofishin jakadancinmu a Charing Cross, in tsinci sababbin masu kuɗi in raka su kanti. Na sai wa mutane agogon zinariya, na sai musu gado mai rediyo a ka. Bindiga dai ba a taɓa aike na ba sai kai. Na je kantinta. Wani Bature mai nakatai ya tambaye ni takardar izinin 'yan sanda, da sunan ƙungiyar harbin da nake ciki, da akwatin ƙarfen da zan riƙa kulle ta. Na ce ai ta yayana ce, babban mutum ne a Kano, yana da siminti jirgi guda a teku. Ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, ya buɗe mini ƙofa. Maƙwabcina Katung, ɗan Zonkwa ne mai karatun lauya, shi ya ƙara mini bayani. Ya ce akwai masu sayarwa ba takarda a bayan mashaya, kuma gidan yarin Ingila akwai abin ɗumama ɗaki, in ina sha'awa.

Amma ya ce akwai irin da doka ta yarda kowa ya saya: tsohuwa, ta ajiyar tarihi, wadda ba a yi mata harsashi yanzu. Shi ya kai ni wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa, kantin wani tsoho, Mista Pennock, mai sayar da takubba da tarkacen matattu. Na shiga ne don in samu abin ba ka dariya. Dariyar ba ta zo ba.

Yaya, ka tuna labarin da Iya Yelwa take ba mu a zaure muna yara? Bindigar mahaifinta Madugu Zailani, kakan iyayenmu, wadda ya samo wurin Larabawan Turabulus? Mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki? Uwar Iya ta naɗe mariƙinta da fatar jima ja, ta ɗinke. Ranar da Madugu zai tafi Gwanja ya ƙi tafiya da Iya, tana 'yar shekara bakwai, haushi ya sa ta gartsa wa fatar cizo, ta sha duka. Bayan zuwan Nasara wani hafsansu ya gan ta a ɗamarar Madugu a bakin ƙofar gari, ya miƙa hannu, shi ke nan.

To, a cikin gilashin tsohon nan akwai bindiga mai ƙanƙara, mariƙinta naɗe da fata irin jimar garinmu. Jan ya koma kamar busasshen goro. Ya ce daga kayan wani hafsa da ya yi aiki a Arewa ta fito, jikoki suka sayar. Na ce ya ba ni in riƙe. Na juya ta. A ƙasan ɗinkin akwai sawun haƙora, ƙanana, sama da ƙasa, da giɓi a tsakiya.

Ba zan rantse maka ita ce ba. Duniya ba yarinya ɗaya ce ta taɓa cizo ba. Mutum ɗaya ne zai iya cewa, wato Iya, kuma idonta ya tafi, amma yatsunta suna nan. Ni ba ni da ƙarfin sayenta, kai kana da shi. Zaɓi naka ne: baƙa wadda za ta kai ni kurkuku, ko wannan.

Ƙanenka,
Maharazu

Nasarawa, Kano
Disamba, 1975

Maharazu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Hajiya ta dawo daga Makka, yara suna makaranta. Iya tana nan yadda ka sani, an kai mata fanka ta ce iska tana sa mata ciwon kai. Sakatariyata Saudatu ce take buga wannan da tafireta, saboda haka zan taƙaita, amma ka ji ni da kyau.

Na aike ka Landan ka kawo mini libarba, ka tashi ka kawo mini tatsuniya. Ni za ka yi wa dillanci? Ni da na koya maka yadda ake sayar da ragowar yadi a ce na ƙarshe ne a ƙasar? Ka ga tsohon ƙarfe da ya ƙi sayuwa, kun shirya da Baturen, ka tuno labarin tsohuwa ka liƙa masa don ka ci la'ada ta gaba da ta baya. Sawun haƙori! Wa ya sani ko ɓera ne? Ko kai ne ka ciza da kanka? Na san akwai giɓi a bakinka.

Ka daɗe a waje, ba ka san inda ƙasar nan ta kai ba. Yanzu ba a maganar tsohon abu. Ko masinja, tun da aka raba kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ya zubar da tukwanen uwarsa ya sayi na ƙarfe. Alhaji Lawal mai kwangilar titi, wanda jiya-jiya yake kiran sunana da rusunawa, ya dawo daga Jamus da tasa. A wurin ɗaurin aure ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ta faɗo, kowa ya gani. Har yau maganar ake yi. Shi wa ya tambaye shi akwatin ƙarfe? Kai kuma kana so in fito da abin da mafarautan ƙauye ma sun daina ratayawa, a ce Alhaji Uwaisu ya je Ingila ya kwaso musu bola.

In Baturen farko ya ƙi, ka je wurin na biyu. In takarda ake so, a yi takarda. Kowace ƙasa akwai mai yin takarda. Ina so ta fi ta Lawal tsawo ko da ɗan yatsa ne.

Kada ka kuskura maganar nan ta kai kunnen Iya. Ka san ta, in ta kama abu ba ta saki.

Ka gai da Zinatu. Ka duba mini takalmi mai dogon dunduniya, lamba tara.

Yayanka,
Alhaji Uwaisu

Thamesmead
Janairu, 1976

Yaya Alhaji,

Sallama da gaisuwa. Mun yi wa Hajiya barka da sauka, Allah ya karɓa. Mu muna lafiya. Lif ɗin gidanmu ya sake mutuwa, council, hukumar da ke da gidan, sun ce suna tafe, kamar yadda suka ce bara. Hawa bakwai nake takawa da ƙafa, don haka in ka ji ina haki a takardar nan, dalilin ke nan.

Takalminka yana hanya. A kansa na ci la'ada, kuma na ci da daɗi. Na ci a agogon da kake ɗaurawa, na ci a labulen falonka. Ban taɓa ɓoye maka ba, sana'a ce, kai ka koya mini. Amma a kan bindigar nan ko shayi ban sha na Mista Pennock ba. Ya ba ni, na ƙi, don kada wata rana a ce. Giɓin bakina kuwa na babba ne, Yaya. Wanda ke jikin fatar nan ɗan yatsana ƙarami ya rufe shi.

Maganar kunnen Iya kuma, ka makara. Takardarka ta yi tafiyar masu kuɗi, ta tsaya ta huta a hanya. Kafin ta iso na riga na ba wani ɗalibi mai komawa gida saƙon baki. Ya je Madigawa, ya durƙusa, ya faɗa mata abin da na gani. Ya rubuto mini cewa ta saurare shi har ya gama. Can ta ce, “A gefen hagu ne, ƙasan ɗinki. Haƙorana biyu na gaba sun faɗi lokacin.” Ni ban faɗa wa yaron gefe ba. Na koma kantin na sake juya ta. Hagu ne. Ta kuma ce a gaya wa mijinta na Ingila, wato ni, in yana son auren ya ɗore ya kawo mata ta taɓa kafin a kira ta.

Kana iya cewa kowane abu gefe biyu gare shi, in ba hagu ba dama. Na yarda. Ni ma ɗan kasuwa ne, na yi wannan lissafin kafin ka yi. Amma ka ga yanzu akwai mai jira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ina tsaye a kantin wani Ba'amurke ya shigo, mai tara irin waɗannan kaya. Bai dubi ƙarfen ba sam. Fatar ya duba, da wani ɗan gilashi a ido, yana lumshe ɗayan. Ya ce irin wannan ɗinki ya ɓace, kuma darajarta duk tana ga cewa ba wanda ya taɓa ta tun ranar da aka naɗe. Mutumin da bai san inda Kano take a taswira ba yana riƙe da aikin hannun uwar Iya kamar jariri. A rannan kuma na raka wani babban ɗan kwangila daga gida ya sayi furen roba na falo, ya sa a fesa masa turare. Na dawo a bas ban san wanne daga cikin biyun ya fi ɓata mini rai ba.

Na roƙi tsohon ya riƙe mini ita zuwa bazara. Na ce masa yayana basarake ne, yana shawara da majalisarsa. Ya yarda, don Bature yana son jin kalmar basarake. Bayan haka Ba'amurke zai ɗauka, ta ƙetare wani tekun.

Baƙar da kake so kuwa, amsata tana nan inda take. Ina da mata, ina da flat mai gumi, ina son su.

Naka,
Maharazu

Thamesmead
Maris, 1976

Yaya,

Gaisuwa. Lafiya muke. Ina fata shirun nan na aiki ne ba na ciwo ba. Mun ji abin da ya faru a Ikko a rediyo, kisan shugaban ƙasa, mun kwana biyu ba mu da sukuni. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.

Takarda biyu na aiko, ba amsa. Furanni sun fara fitowa a bakin tashar Abbey Wood, wato bazarar da na roƙa ta ƙarato. Jiya na bi ta lungun, Mista Pennock ya hango ni ta taga ya nuna mini agogonsa. In fushi kake, yi fushin da ni, amma ka rubuto ko da “a'a” ne, in san ƙaryar da zan shirya wa tsohuwa.

Maharazu

Nasarawa, Kano
Afrilu, 1976

Ƙanena Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ba fushi ba ne, hidima ce ta yi yawa, ga halin da aka shiga.

Maganar libarba a bar ta tukuna. Tun abin da ya faru sojoji ke bincike a kowace hanya, har ƙarƙashin kujerar mota. Alhaji Lawal da kansa ya jefa tasa a masai, yanzu in ka ce masa “bindiga” sai ya ce bai gane Hausar ba. Ka ga ashe Allah ne ya tsare ni, don da ma ni zuciyata ba ta kwanta da abin ba.

Sannan ka ja mini. Duk Juma'a in na je gaida Iya, kafin in zauna sai ta ce, “Uwaisu, mijina na Ingila ya aiko?” Har matan unguwa sun ɗauka. Kuma na yi maganar da Mista Gordon, injiniyan da muke aikin gada da shi. Ya ce a ƙasarsu manyan gidaje ne kaɗai ke da bindigar kakanni a bango, sabuwa kuwa kowane ɗan tasha yana iya samu. Ya ce wanda ke da irin wannan, asali gare shi. Ka ga Lawal ba shi da ita, kuma ba inda zai saya, don kakansa ba Madugu ba ne.

Saboda haka ka saya. Na sa banki su aiko maka. Ka turo ta da wuri da takardun kwastan. Zan tara dangi da manyan gari a yi walima, a miƙa wa Iya a gaban kowa. Kada ka damu da komai, zan karɓe ta yadda ya dace da darajar gidanmu. Ba za a ga abin kunya a hannuna ba.

Yayanka,
Alhaji Uwaisu

Thamesmead
Mayu, 1976

Yaya Alhaji,

Gaisuwa da godiya. Lafiya ƙalau. Yau ko matakalar ban ji ta ba.

Na karanta inda ka ce za ka karɓe ta yadda ya dace da darajar gidanmu, na ce wa Zinatu, kin gani, jini ba ya ƙarya, duk abin Yaya a baki ne. Na janye rabin abin da na faɗa a kanka a zuci. Sauran rabin na ajiye saboda gaba.

An saya. Mista Pennock ya naɗe ta a takarda mai laushi da hannunsa, ya ce a gai da basarake. Katung ya bi mini takardun fita da na shiga, komai a rubuce, cewa kayan tarihi ne ba makami ba. Na yi wa Zinatu booking ɗin jirgi, da ma tana son ganin gida, ita za ta riƙo ta.

Roƙona ɗaya. Kada a shafa mata mai, kada a sa mata ruwa, kada a bar yara su yi wasa da kunamar. Yadda ta fito daga takardar, haka za a ɗora ta a tafin Iya. In ta gama taɓawa, ka rataye ta inda Lawal zai fi ganinta.

Ƙanenka,
Maharazu

Madigawa, Kano
Yuli, 1976

Maigida,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na sauka lafiya, su Inna duk suna gaishe ka. Na ji an ce zafi ake yi a Landan irin wanda ba a taɓa yi ba. Ka riƙa buɗe taga, kuma kada ka bar miya a waje. Ka yi haƙuri da jinkirin takarda. Na fara ta sau da yawa ina yagawa.

A filin jirgi ba a sha wahala ba. Ɗan kwastan ya buɗe, ya duba, ya yi dariya ya ce ko kaza wannan ba za ta kashe ba. Alhaji da kansa ya zo ya tarye ni. Tun a mota ya ce in ba shi ya gani. Da ya warware takardar sai na ga fuskarsa ta canja. Ya riƙe ta da yatsa biyu, ya shinshina, ya ce, “Wannan ce? Wannan abin zan nuna wa mutane?” Na ce masa ga abin da ka ce, a fara kai wa Iya. Ya ba ni takardarka da ke aljihunsa ya ce ya karanta, mai da ruwa ka hana, kuma ba zai sa ko ɗaya ba. Ya ce sai ranar walima, ba a kai wa babba abu a ɓoye kamar kayan sata. Na ce to a bar ta a wurina. Ya ce, “Zinatu, gidan wa za ta kwana in ba gidan wanda ya saya ba?” Na bar masa ita. Yayanka ne.

Ranar walima an kafa rumfa tun daga bakin lungu. An yanka sa. An ɗauko Iya a kujera, an sa mata sabon leshi mai ƙaiƙayi, tana ta jan wuyan. Tun safe ta sa aka wanke mata hannu, ta ƙi cin tuwo don kada maiƙo ya taɓa. Ni ina zaune kusa da ƙafarta. Sai ga Alhaji da akwati mai gilashi da jan karan-miski a ciki, maroƙi yana binsa.

Maigida, da ya buɗe ban gane ta ba. Ashe Sabon Gari ya kai ta, garejin da suke yi wa bambar mota ruwan kurom. Sun kankare ta tas, sun tsoma ta, tana walƙiya kamar sabon cokali. Fatar babu. Sun naɗe mariƙin da baƙar roba irin ta sitiyari, sun manna harufan sunansa na zinariya a gefe. Mutane suka yi ta tafi. Alhaji ya ce wa taro da ma yana ta shawara tsakanin tsohuwa da sabuwa, sai Allah ya ba shi dabarar haɗa biyun.

Ya ɗora wa Iya a hannu. Ta shafa bakin, ta gangaro, ta juya ta gefen hagu. Babban yatsanta ya yi ta kai da komo a ƙasa, wuri ɗaya, yana nema. Ta kai hanci. Sannan ta miƙa masa abarsa ta ce, “Uwaisu, taka ta yi kyau, Allah ya sa alheri. Ta Baba fa? Ko mijina bai aiko ba tukuna?”

Alhaji ya ce, “Iya, ai ita ce, gyara ta aka yi.” Ta yi dariya ta ce, “Kai dai da wasa. Ta Baba tana da riga.” Maroƙi ya ɗaga murya, aka kawo shinkafa.

Washegari na ɗauki tasi na je garejin. Mai wurin ya ce fatar da ƙyar ta fita, sai da suka sa reza, ta kakkarye. Ya ce Alhaji ya ce ƙazanta ce, a zubar. Ya nuna mini kwatar bayan shagon. An yi ruwa sau biyu tun ranar. Na tsaya ina kallon baƙin man mota yana gudu a ciki, har mutumin ya tambaye ni ko lafiya.

Jiya na je yi wa Iya sallama. Ta kama hannuna ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba, ta san hanya da nisa, amma ka ɗan hanzarta. Kai ka san abin da za ka ce mata.

Matarka,
Zinatu

Thamesmead
Agusta, 1976

Zuwa ga Alhaji Uwaisu,

Gaisuwa. Ina lafiya. Ciyawar garin nan duk ta ƙone, an hana ban ruwa, Turawa suna yawo ba riga. Ban tambayi lafiyarka ba don na gan ta a hoto.

Hoton ya iso, kai da babbar riga da abin a hannu, hasken ya kashe rabin fuskarka. Na gode. Na kuma karanta abin da ka rubuta a baya, cewa yanzu ko Baturen da ya sayar ba zai gane ta ba. Gaskiyarka. Na kai masa ya gani. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya tambaye ni ko gobara aka yi. Na ce a'a, arziki aka yi.

Dole in yaba maka. Hafsan Nasara ya ƙwace ta, bai cire fatar ba. 'Ya'yansa sun gaje ta, jikoki sun sayar, ta sha sanyin Ingila shekara saba'in da wani abu, ta wuce yaƙin duniya biyu a cikin akwati, ba wanda ya yi ƙarfin halin sa mata reza. Sai da ta dawo gida, hannun jinin Madugu. Abin da ya gagari Nasara kai ka gama shi kafin a sauke tukunyar walima. Kuma ka cika alkawari, ba mai, ba ruwa. Laifina ne da ban rubuta kurom ba. Ina lissafa abin da mahaukaci zai iya yi, na manta da mai kuɗi.

Yanzu ba wanda zai taɓa sanin ko ita ce. Ni ina ganin ita ce. Kai ka ce ɓera ne. Mai raba mu ta wanke hannu ta zauna tun safe, ka miƙa mata sitiyari.

Ka ce a takardarka in daina ɓata rai a kan tsumman fata, kuma tunda ƙura ta lafa in sake duba maka maganar libarba. Ba zan duba ba. Takalmi da labule ma ka nemi wani. Akwai yara da yawa a bakin ofishin jakadanci, suna da ƙafa, ba su da kaka.

Zan rubuta wa Iya. Zan ce mata Baturen ya ƙi sayarwa, bindigar Baba tana nan Landan da rigarta, a cikin gilashi, ana kallonta da daraja. Na yi ƙarya a Kwari don yadi, na yi a Charing Cross don agogo, wannan ce ta farko da zan yi kyauta. Kai kuma in kana da sauran kunya, ka bar ta a haka.

Abu ɗaya ne ya rage da nake so ka duba, tunda ka ce ba za a ga abin kunya a hannunka ba. Iya Yelwa ma ta tsufa ƙwarai. Fatarta ta yamushe, launinta ya dushe, haƙoran da suka yi cizon ko ɗaya babu, kuma manyan baƙi suna zuwa gaishe ta. Ita wane gareji za ka kai ta?

Maharazu